Na Gama Littafi Biyar, Ashe Labarin Bai Ƙare Ba: Wa Zan Karanta Yanzu?

Wasiƙar wannan makon daga Aboabo ta fito, a Kumasi. Na ɗan taƙaita ta.

"Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne, ina gyaran waya a Adum. Tun ina yaro nake son labaran yaƙi. Babanmu yana da Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi a akwatinsa, daga baya kuma na riƙa samun littattafan yaƙi na Kano a hannun direbobin da ke zuwa Najeriya. Bara wani abokina ya ara mini littattafan George R. R. Martin guda biyar. Na yi watanni a kansu, har maigidana ya fara yi mini faɗa. Da na kai ƙarshe sai aka ce mini ai na shida bai fito ba. Wallahi raina ya ɓaci. Na je wurin masu tsofaffin littattafai na sayi manya guda biyu na wani Robert Jordan, ashe na huɗu ne da na tara a jerin. Kuɗina ya tafi. In na duba waya kuma sunaye sun fi ɗari, kowa na cewa nasa ne gwani. Ga shi littattafan Martin cike suke da batsa, ɓoye su nake yi saboda ƙanwata da ke sakandare, ita ma mai son karatu ce. Kawunmu kuma ya ga hoton dodo a bango, ya ce littattafan tsafi nake tarawa. Wa zan karanta, kuma yaya zan gane mai kyau kafin in zuba kuɗina?"

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Kana da gaskiyar ɓacin rai, kuma mutane da yawa sun riga ka shiga wannan layin. Martin ya fitar da littafin farko a 1996, na biyar a 2011, ya kuma ce bakwai zai yi. Akwai waɗanda suka fara karanta shi suna samari, yau 'ya'yansu sun isa aure, har yanzu suna jira. Ga wani ma, Patrick Rothfuss, wanda za ka ga sunansa a kusan kowane jeri na waya: na farko 2007, na biyu 2011, na uku shiru. Ba na zagin ko ɗaya daga cikinsu, domin rubuta labari mai mutum ɗaruruwa a ciki aiki ne da ke cinye rayuwar mutum. Amma kai da kake tara sidi da gumin goshinka, ka kafa wa kanka doka: ba ka fara jerin da ba a kammala ba. Fara shi kamar kai ɗinkin Sallah ne wurin telan da kake ganin na Sallar bara har yanzu a rataye a shagonsa. Binciken bai fi minti ɗaya ba. Ka rubuta sunan jerin a waya, Wikipedia za ta jero maka littattafan da shekarunsu, ka duba ko na ƙarshen ya fito. Da wannan kaɗai sunayen nan ɗari za su ragu sosai.

Abin da zai rage sauran yana wurinka. Ka tuna daren da ka kasa barci da littafin Martin a hannu: babin wa kake ɗokin kaiwa? Makircin fada ne, wa zai ci amanar wa? Ko yarinyar nan Arya ce, da yadda wahala ta yi ta sassaƙa ta? Ko ƙarar takubba ce kawai, irin wadda ka saba da ita a littattafan yaƙi na Kano? Jerin sunayen waya ba su san amsar nan ba, shi ya sa suke ruɗa ka. Littafin da mutum miliyan suka yaba zai iya zame maka magani mai ɗaci in abin da yake bayarwa ba shi kake nema ba.

Tunda ka ce in zaɓar maka, ga zaɓina ba kwana-kwana: ka fara da Mistborn na Brandon Sanderson. Littafi uku ne, sun fito a 2006, 2007 da 2008, kuma labarin ya rufe ruf a na ukun. Ya ƙara wasu daga baya a duniyar, amma da wasu mutane ne a wani zamanin, ba dole ka bi su ba. Ƙasa ce da toka ke zuba daga sama kullum, hazo ya rufe gari da dare, wani sarki ya shekara dubu a kan mulki yana bautar da talakawa. Wata yarinya ɓarauniya mai suna Vin ta faɗa cikin gungun ɓarayin da suka ƙulla niyyar kifar da shi. Abin da na san zai kama ka, kai mai buɗe cikin waya ka bi layin wuta har ka gano inda ya yanke, shi ne ikon da ke cikin labarin yana da ƙa'ida. Mutum zai haɗiyi ɗan garin ƙarfe, kowane ƙarfe da aikinsa. Wani ya ba shi ikon tunkuɗe duk abin ƙarfe, wani ya jawo shi, kuza kuma ta ƙara masa kaifin ido da kunne. Sai ya jefa kwabo ƙasa, ya tunkuɗe shi, nauyinsa ya cilla shi sama ya tsallake katanga. In ƙarfen cikinsa ya ƙare, ikon ya ƙare, ko da yana tsakiyar faɗa. Saboda haka marubucin ba ya iya yi maka maguɗi, ba ya fito da wata laya daga aljihu a shafin ƙarshe don ceton jaruma. Turancinsa a miƙe yake, ba zai sa ka buɗe ƙamus a kowane shafi ba. Akwai jini da kisa, amma babu batsar da za ta sa ka tura littafin ƙarƙashin katifa. Rauninsa, a ganina, mutanensa ba su kai na Martin zurfi ba, hirarsu wani lokaci tana da sauƙi da yawa. Amma yana cika alkawari, kuma kai yanzu mai cika alkawari kake bukata. In kana son ɗanɗana hannunsa ba ka kashe ko pesewa ba, ya saka littafinsa Warbreaker kyauta a shafinsa na intanet, labari ne guda cikakke. Babban jerinsa kuwa, Stormlight, goma ya tsara, biyar suka fito zuwa 2024, kowanne ya haura shafi dubu. Ka bar shi tukuna.

In kuwa kewar Martin ɗin ce ke damunka, wato fada da sarauta da 'yan'uwa biyu masu jan gadon mulki, nemi Tad Williams, jerin Memory, Sorrow and Thorn, 1988 zuwa 1993. Martin da bakinsa ya ce wannan jerin yana cikin abin da ya zaburar da shi ya rubuta nasa. Yaron kicin ne a gidan sarki, Simon, da rikici ya kora daji. Farkonsa yana tafiyar hawainiya, sai ka yi haƙurin shafi wajen ɗari biyu kafin wuta ta kama. Bayan nan ba za ka ajiye ba. Joe Abercrombie ma za a ambata maka shi, The First Law, littafi uku kammalallu, gwani ne ƙwarai, sai dai ashar da azabtarwa da batsa sun yi yawa, zai mai da kai gidan jiya na ɓoye littafi.

Akwai wadda nake so ka riƙe sunanta ko ba yanzu ba: Robin Hobb. Littafinta Assassin's Apprentice ya fito a 1995, shi ne farkon uku. Yaro ne ɗan yarima da aka haifa ba aure, aka kawo shi yana ɗan shekara shida aka ajiye a ƙofar barikin soja, mai kula da dawaki ya rene shi tare da karnuka, daga baya sarki ya sa aka koya masa kisa a asirce. Yaƙi kaɗan ne a ciki. Abin da ke ciki shi ne yadda yaro ke girma a gidan da kowa ke amfani da shi, ba wanda ya fito fili ya ce nasa ne. Duk wanda ya taɓa zaman riƙo a gidan dangi zai ji wannan littafi a ƙirjinsa. Ban san wani marubucin almara da ya kai ta iya sa ka damu da mutumin da bai taɓa wanzuwa ba. Duniyar tata ta kai littafi 16, ta rufe ta a 2017, amma ukun farko sun tsaya da ƙafarsu.

Yanzu bari mu dawo gida, don na lura duk sunayen marubutan da ka ambata na Turawa ne, kuma haka jerin waya suka fi kawowa. Ka san akwai 'yar Kumasi a wannan fagen? Roseanne A. Brown a garinku aka haife ta, aka tafi da ita Amurka tana ƙarama. Ta rubuta A Song of Wraiths and Ruin a 2020, ta rufe labarin da A Psalm of Storms and Silence a 2021. Biyu ne kacal. Wani saurayi ɗan gudun hijira, Malik, ya iso birnin Ziran a tsakiyar hamada da 'yan'uwansa mata biyu, wani aljani ya ɗauke ƙaramar, ya ce ba zai sake ta ba sai Malik ya kashe gimbiyar garin. Ita kuma gimbiyar an kashe mahaifiyarta, tana neman zuciyar sarki don ta dawo da ita, sai ta yanke shawarar auren wanda ya ci gasar bikin gari, ta kashe shi. Ka ga kowa na farautar kowa. Za ka tarar da maroƙa masu ba da labari a dandali, da kura mai wayo, da kasuwa irin wadda ka sani. Don matasa aka rubuta shi, soyayya ta ɗan yi yawa ga mai neman yaƙi zalla, amma karanta labarin da ba dusar ƙanƙara a ciki, ba sai an yi maka bayanin kowane abinci ba, yana da daɗin da sai ka gwada za ka gane. Tomi Adeyemi, 'yar asalin Najeriya, ta kammala nata ukun a 2024, Namina Forna 'yar Saliyo ita ma haka.

Wanda na fi ɗokin ka karanta bayan Mistborn shi ne The City of Brass na S. A. Chakraborty, 2017, sai na biyu a 2019, na uku a 2020. Marubuciyar Ba'amurkiya ce da ta musulunta. Labarin ya fara a Alƙahira a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Faransawa suka mamaye Masar. Nahri 'yar damfara ce mai duba na ƙarya, ba ta yarda da komai ba sai kuɗi. Ran nan tana jagorantar wani taro mai kama da bori don a biya ta, sai kiran ya amsu da gaske, wani tsohon mayaƙin aljanu ya bayyana. Daga nan aka nufi Daevabad, birnin aljanu mai ƙabilu shida da tsohuwar gaba tun zamanin Annabi Sulaiman. A birnin akwai yarima Ali, mai tashi sallar asuba, mai ƙyamar giya da almubazzarancin fada, wanda tausayin talakawa ya jefa shi tsakanin gaskiya da biyayya ga mahaifinsa. Sau nawa ka taɓa karanta almarar Turanci da jaruminta ke alwala? Makircin fadarsa bai gaza na Martin ba, kuma ba wanda ke da gaskiya ɗari bisa ɗari. Abu biyu dai: aljanun littafin ƙirƙirar marubuciya ce, kada ka ɗauke su ilimin addini, kuma na manya ne, ba shi za ka fara miƙa wa ƙanwarka ba.

Ita ƙanwar, ka nemo mata A Wizard of Earthsea na Ursula K. Le Guin, 1968. Bai kai shafi ɗari uku ba. Yaro ne makiyayin awaki a wani tsibiri, mai baiwa da girman kai, ya so ya burge abokin hamayyarsa a makaranta sai ya saki wata inuwa da ta dinga binsa. Jarumin ma ba fari ba ne, jan mutum ne mai duhu, abin da ba a saba gani ba a wancan zamanin. Tsabtatacce ne tas, kuma kai ma kada ka raina shi don ƙanƙantarsa. The Hobbit na Tolkien, 1937, shi ma ya dace da ita. Ku karanta shi tare kafin ka tunkari The Lord of the Rings, wanda ya fito kashi uku a 1954 da 1955. Shi ne uban gidan wannan fage, sai dai yana da waƙoƙi da dogon bayanin hanya da tsohon Turanci, wanda ya fara da shi kai tsaye yakan gaji tun ba a bar ƙauye ba.

Littattafan Jordan biyu da ka saya, kada ka yar. The Wheel of Time littafi 14 ne, an fara a 1990, Jordan ya rasu a 2007 bai gama ba, Sanderson ya ƙarasa ukun ƙarshe daga bayanan da ya bari, aka rufe a 2013. Kammalalle ne ke nan, kuma na huɗun da ke hannunka yana cikin waɗanda masoyansa suka fi yabo. Amma tafiya ce ta shekaru, tsakiyarta kuma tana da ja. Ka ajiye su har ka samu The Eye of the World, shi ne na farko. In ya yi maka, ka riga ka mallaki biyu. In bai yi ba, ka yi musaya da su.

Sai maganar saye, inda kuɗinka ya salwanta. Mai tsofaffin littattafai a bakin titi ba yaudararka ya yi ba, shi ma a dila ya same su, bai san na farko da na tara ba. Aikin naka ne. Kafin ka taya, ka duba ƙashin bayan littafin da bangon gaba, ka nemi inda aka rubuta "Book One". In babu, buɗe shafi na biyu ko na uku, yawanci akwai jerin littattafan marubucin bi da bi, ka ga inda naka ya faɗo. Ka kula da "Part One" ko "Part 1", don masu bugawa, musamman na Ingila, sukan raba littafi mai kauri gida biyu. Na ukun Tad Williams an raba shi haka a bugun bango mai laushi, na ukun Martin ma haka, sai ka sayi rabi kana zaton ka sayi duka. Juya shafin ƙarshe ka tabbata bai cire ba, ba sai ka karanta shi ba. Buɗe tsakiya ka ja shafi a hankali ka ga ko gam ya saki. Ka shinshina, in yana warin danshi damina ta taɓa shi, shafukan za su manne. In tawada ta yi fari-fari, rubutu ya karkace, takarda kamar ta jarida, bugun jabu ne, kuma irinsu sukan tsallake shafuka ashirin a tsakiya ba ka sani ba sai dare ya raba. Sannan ka tsaya nan a gabansa ka karanta shafi biyu. In ka tarar da kalma fiye da biyar a shafi da ba ka sani ba kuma ba ka iya cankar ma'anarsu, ajiye shi zuwa baɗi.

Wayar da kake gyara wa mutane ma tana da amfani a nan. Kindle da Google Play Books suna ba da farkon littafi kyauta, babi ɗaya ko biyu, wanda ya isa ka ji ko muryar marubucin ta shige ka. Hukumar ɗakunan karatu ta Ghana tana da manhaja ta waya, ga kuma ɗakin karatu na yankin Ashanti a harabar Cibiyar Al'adu, ba nisa da Kejetia. Ka je ka yi rajista, ka tambayi ma'aikatan da sunan marubuci a rubuce a takarda. Na san ana yawo da littattafan sata a Telegram da WhatsApp. Ba zan ba ka shawararsu ba: haƙƙin mutum ne, kuma kai ka fi ni sanin irin ƙwayar cutar da ke shigowa waya ta wannan hanyar. Abin da ya fi shi ne susu, wato adashi, na littafi. Ku huɗu, da abokin nan da ya ara maka Martin, ku haɗa kuɗi ku sayi jeri guda, ku riƙa zagayawa. Jeri mai littafi uku ya zama kuɗin littafi ɗaya ke nan a kan kowa, har da ragi, ga kuma abokan musu a kan wa ya kyauta wa ya ci amana, wanda rabin daɗin karatun ke nan.

Don gano sababbin sunaye nan gaba, ka bi kyaututtuka maimakon masu ihu a bidiyo. Akwai Hugo, wadda N. K. Jemisin ta ci sau uku a jere, 2016, 2017 da 2018, da littattafai ukun jeri guda. Akwai Nommo, ta marubutan almara na Afirka, tun 2017. A Goodreads kuma, shafin intanet da masu karatu ke faɗin ra'ayinsu kan littattafai, ka tsallake masu tauraro biyar da masu ɗaya, ka karanta masu uku, su ne ke faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba, kuma a nan za ka ji in akwai batsa. In ka ba littafi shafi ɗari bai kama ka ba, ka ajiye, sai fa irin su Williams da aka riga aka gaya maka farkonsu na da nauyi.

Kawu kuma, kada ka yi musu da shi, kuma kada ka raina damuwarsa. Yana tsoron abin da ya san haramun ne, ya ga hoton da ya yi kama da shi. Ka same shi shi kaɗai bayan la'asar, da Ganɗokin babanku a hannu. Bello Kagara, malami ne, ya rubuta shi tun shekarun 1930, jarumin yana yaƙi har da aljanu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ma akwai aljanu a ciki, kuma an karantar da shi a makarantu shekara da shekaru. Ka ce masa, "Kawu, waɗannan ma irinsu ne, tatsuniya ce doguwa da Turanci, ba wanda ke koyon haɗa wani abu a ciki." Ka ba shi labarin ɗaya a taƙaice, ka bar shi ya yi tambaya. Wasu littattafan suna da gumaka da addinan ƙirƙira a cikin labarin, in ya tambaya ka faɗa masa gaskiya. In abin ya tsaya maka a rai kai kanka, ka tambayi malaminku na unguwa, da littafin a hannu don ya ga abin da ake magana a kai. Sannan ka duba abin da Kawu zai fi lura da shi fiye da bango: ko karatun yana sa ka makara sallar asuba, ko yana sa maigidanka faɗa a shago. Wannan ɓangaren gyaransa a hannunka yake. Ka ware wa littafi lokacinsa bayan isha'i, ka bar shi a gida in za ka fita Adum. Littattafan Martin kuwa ka mayar wa mai su, tunda ka gama, sai ka huta da ɓoyo.